Karsanar Hanne da Kwalba ta Uku

Ungulaye ne suka fara kai ƙara. Da hantsi ranar kasuwar Ajingi, masu cirar gyaɗa suka hango su sun yi cincirindo a kan kwarin bayan Toranke. Da suka leƙa sai ga kan karsanar Goggo Hanne, ga fata, ga tumbi a yashe. Nama kuwa ko na miya ba a bari ba.

Kafin a aiko a kira ni, rabin gari ya riga ya je ya tattake wurin, kowa da irin takalminsa. Sunana Ɗantani. Shekara arba'in ina bin sawu, tun ina bin na gada da kura har na koma bin na mutane, kuma har yau ban ga garin da ya koyi tsayawa daga nesa ba. Ina da saurin fushi, ban taɓa ɓoyewa ba, ran nan kuma na samu dalili.

Goggo Hanne tana zaune a bakin kwarin, ba ta kuka. Karsanar nan, Fure, ita kaɗai ta rage mata daga garken marigayi mijinta. Da dusar tuwonta ta rene ta.

Na kori mutane na durƙusa. An yi ruwa jiya, ƙasa ta riƙe magana. Mutum ɗaya ne, da takalmin roba, kuma bai ja ta da ƙarfi ba, tafiya suka yi a natse tun daga turke, wato ya san yadda ake lallaɓa saniya. Ya kwantar da ita ta fuskanci alƙibla kafin ya sa wuƙa. Wannan ya fi komai ɓata mini rai: ɓarawo da kiyaye alƙibla. Ya ɗora naman a babur, tayar ta hau kwalta, daga nan sawu ya mutu.

Wata mata da ta saba gyaran kayan ciki ta juya tumbin da sanda, ta ce, "Ina mahaifar?"

Babu ita. An yanke ta tsaf, yankan gwani. A inda aka yanke kuma, ga guntun koren zare a ƙulle.

Sai wani daga baya ya faɗi sunan da kowa yake taunawa: "'Yar Malam Ari."

* * *

Afra'u 'yar Malam Ari mai sayen gyaɗa ce, karatun digiri na uku take yi a Kano. Shekara biyu ke nan, duk ranar kasuwa tana zuwa mayanka da fulas uku na ruwan gishiri mai ɗumi. Idan an yanka dabba aka tarar da ƙaramin ciki wanda mai ita bai san da shi ba, mahauta sukan ƙulle mahaifar da koren zaren da ta raba musu don kada jini ya tsiyaye, su saka mata a fulas. Abin da da can karnuka ke ja. Me take yi da su a ɗakin da ke bayan zauren ubanta, mutane ba su sani ba, kuma ba su taɓa tambaya ba. Sun fi son su zauna a inuwa su ƙirƙira.

Kafin azahar an cika ƙofar gidan Malam Ari. Na ji kalmar tsafi ta fita daga bakin mutanen da ko alwala ba su iya ba. Dutse ɗaya ya fasa gilashin solar da ke kan rufin. Goggo Hanne ta ratsa taron, ta tsaya gaban yarinyar, ta tofar da yawu a ƙasa.

"Me Fure ta yi miki?"

"Goggo, wallahi ban san saniyarki ba."

"Kada ki ƙara ce mini Goggo."

Sarkin Fawa yana wurin da mahautansa biyu, Muktar da Abdulmuttalib. Su ukun nan ne kaɗai masu koren zare. Maimakon Sarkin Fawa ya kare yarinyar, sai ya karkaɗe riga ya ce daga yau duk mahaucin da ya ƙara ba ta ko tsoka ya bar masa mayanka. Muktar ya gyaɗa kai. Abdulmuttalib yana kallon ƙasa.

Mai unguwa ya ɗaga hannu. "Ɗantani, na ba ka zuwa gobe bayan la'asar. In ba ka kawo mini wani ba, zan sa a kwashe kayan ɗakin nan a ƙona, ita kuma a miƙa ta ga hukuma."

"Ranka ya daɗe, sawun namiji na gani."

"Ai mace tana iya aike," in ji shi.

* * *

Da Muktar na fara, don ya fi kama da mai laifi. Sau biyu ya je taya Fure, Goggo Hanne ta kore shi da muciya, ya tafi yana cewa ko ba jima ko ba daɗe sai ta zo hannunsa. Yana da babur, yana da takalmin roba, ga sabon yanka a ɗan yatsa.

Na same shi yana wanke faranti. "Ina ka yi sallar asuba?"

"Baba Ɗantani, ni kake zargi?"

"Ni kowa nake zargi. Amsa mini."

"A Gaya na kwana. Matata ta haihu jiya da yamma, je ka tambaya. Liman ɗin unguwarsu ya ga lokacin da na fito."

Na duba tayarsa. Sabuwa fil, ko wata ba ta yi ba, alhali wadda na ga sawunta a kwari ta suɗe kamar tafin hannu. Irin wannan suɗaɗɗiyar taya kuwa, a kasuwar Ajingi kaɗai za ka ƙirga hamsin. Na bar shi ina jin haushin gaskiyarsa, don ta cinye mini rabin yini.

* * *

Da la'asar sakaliya na koma gidan Malam Ari. Ban je da ladabi ba. Na tarar da ita tana share ɓaraguzan gilashi, idonta jawur, kuma ba na kuka ba ne.

"Baba, kai ma ka zo ganin tsafin?"

"Na zo ganin abin da ya sa gari ke son cin namanki."

"Shekara biyu ƙofar nan a buɗe take. Mutum ɗaya ne ya taɓa shigowa ya duba."

Ɗakin ba shi da wani abin tsoro. Tebur, kwalabe da rubutu a jiki, kwamfuta, da madubin likita, wanda ake ɗora abu a ƙarƙashinsa haske ya ratso ta ƙasa a gan shi ya girma. A bango hotuna ne a jere, daga wannan kusurwa zuwa waccan.

Ta ce, "Makiyayi zai kai saniya barbara, ya zauna jira, bayan wata biyu ya ga ba komai, ya ce ba ta ɗauka ba. Sau da yawa ta ɗauka, Baba. A watan farko cikin ya lalace, lokacin da jijiyoyin jini ke fara fitowa. Ina son in san a wace rana suke tsayawa, da abin da ke tsayar da su. Laifina ke nan."

Na ce ta nuna mini abin da aka ba ta yau. Kwalba uku ne. Ta farko daga Muktar, cikin akuya. Ta biyu daga Sarkin Fawa, babu komai a ciki. Ta ukun daga Abdulmuttalib, cikin saniya.

Ta fara nuna mini na akuyar a fuskar kwamfuta, hoto mai motsi da ta ɗauka da safe. Wani abu da bai kai ƙwayar wake ba, haske yana ratsa shi, a tsakiyarsa wani jan ɗigo yana bugawa. Duk bugu ɗaya sai ka ga jini ya ruga cikin wasu siraran hanyoyi, ya rabu, ya sake rabuwa. Na yanka dabbobin da ban san adadinsu ba, amma ban taɓa sanin haka ake farawa ba. Na yi tasbihi a raina, ban bari ta ji ba.

"Na saniyar fa?"

Ta sa shi ƙarƙashin madubin da kanta. Wannan ba ya motsi. Jinin ya daskare a inda ya tsaya.

"A mace ya iso, ruwan ma ya huce," in ji ta. "Har na yi mamaki, don Malam Abdulmuttalib ya fi kowa kula. Daga mayanka zuwa nan minti goma ne, nasa kullum da rai suke zuwa. Ya ce gurguwar saniyar da ya saya wurin Bubayero na Balan ce, wadda ya yanka yau da safe."

"Cikin wata nawa ne?"

"Bai kai wata ba." Ta ɗora tsinin fensir a fuskar kwamfutar. "Ka ga babbar jijiyar nan da ta bi gadon baya? Ka ga ƙananan da ke fita daga jikinta, kamar matakan tsani? Kullum ƙaruwa suke yi, bi da bi, daga wuya zuwa wutsiya. Ba sa tsallake rana." Ta ƙirga a hankali, ta je bango ta gwada da hoto ɗaya, ta gwada da na kusa da shi. "Kwana ashirin da shida. In na yi kuskure, bai wuce na kwana ɗaya ba."

Na daɗe ina kallon matakan nan. Aikina ne take yi, sai dai nata sawun ba wanda ya isa ya tattake shi.

"Wane ne mutum ɗayan da ya taɓa shigowa ya duba?"

Ta dubi kwalbar, ta dube ni. "A'a, Baba. Malam Abdulmuttalib ne ya fara karɓar zarena lokacin da sauran ke yi mini dariya. Ranar da ya ga zuciya tana bugawa, sai da ya zauna a ƙasa."

"Ɗazu da ake jifan gidanku, me ya ce?"

Ta ɗauke cikin daga ƙarƙashin madubin, ta mayar da shi kwalba.

* * *

Washegari da sassafe na hau mota zuwa Gaya, daga nan na hau acaɓa zuwa Balan. Bubayero yana cire wa shanu kaska lokacin da na isa. Makiyayi ne na gaske, yana iya manta shekarun 'ya'yansa, amma ba ya manta ranar saniya.

"Gurguwar da ka sayar wa Abdulmuttalib, tana da ciki?"

"In ma akwai, na kwana goma ne. Wata biyu da haihuwarta, ban bari bijimi ya kusance ta ba sai kwana goma kafin kasuwar nan. Kashegari ta faɗa rami. Ta rame, ba don karayar ba da ban rabu da ita ba."

"Ka tabbata?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifinsa. "Garkena ne."

"Karsanar Goggo Hanne fa, ta taɓa zuwa nan?"

"Fure? Ni na kai mata bijimi har Toranke, ranar sunan jikanta." Ya lanƙwasa yatsu yana ƙirga kasuwanni. "Jiya kwana ashirin da shida. Allah ya isa, karsana ce mai kyau."

Na ce ya ɗauko sandarsa, za mu Ajingi.

* * *

Kafin taro na ja Afra'u gefe na gaya mata abin da na samo a Balan, na ce sai ta faɗi kwanakin cikin a gaban mutane. Ta ce, "In na faɗa a gaban mutane, na tona asirin mahauci da abin da ya ba ni da hannunsa. Babu wanda zai ƙara sa mini komai a fulas. Saura mini wata takwas in gama."

"In ba ki faɗa ba, yau za a ƙona ɗakin."

"Ko ta ina dai ni ce a ƙasa."

"Ke ce," na ce, don ban iya ƙarya mai daɗi ba.

Bayan la'asar aka cika zauren Malam Ari. Mai unguwa a kan kujera, mahauta uku a tabarma ɗaya, Goggo Hanne a bakin ƙofa, sauran gari suna leƙe ta taga. Na sa aka fito da tebur da madubin da kwamfutar. Wasu suka ja da baya kamar an fito da maciji.

Na ce, "Abdulmuttalib, wannan kwalbar taka ce?"

"Tawa ce."

"Daga wace saniya?"

"Gurguwar Bubayero. Kowa ya ga na yanka ta a mayanka."

Bubayero ya faɗi kwana gomansa. Na juya ga Afra'u. "'Yar nan, cikin kwana goma yaya jijiyoyinsa suke?"

"Ba shi da su. Ba shi da jini ko ɗigo, ba shi da zuciya. Ko da madubin nan da ƙyar za a same shi." Ta kunna hasken, hoton ya cika fuskar kwamfutar. Ta bi matakan da fensir ɗaya bayan ɗaya, a fili, zaure yana sauraro. "Wannan kwana ashirin da shida ne."

"Goggo Hanne, yaushe aka yi sunan jikanki?"

Tsohuwar ta ɗago kai a hankali. Ta fi ni saurin lissafi. Ta tashi, ta tako har gaban teburin, ta tsura wa hoton ido.

"Ta ɗauka ashe," ta ce. "Ban sani ba."

Sarkin Fawa ya fara cewa ai na'ura tana iya kuskure. Abdulmuttalib ne ya katse shi.

"Ba ta kuskure, Sarki. Na sha gani."

Ya faɗi sauran ba tare da an matsa masa ba. Ya yi alkawarin naman biki a Gaya, gurguwar ta zo ba nama, ya tuna da Fure da turkenta a bayan gida. Mai unguwa ya tambaye shi abin da ke cin kowa: tunda ya yi sata, me ya kai shi ɗauko mahaifar?

"Hannuna ne ya ƙulle kafin in yi tunani, ranka ya daɗe. Da na taɓa na ji akwai abu a ciki. Na san yadda yake, na san yana bugawa. Na kasa bar wa ungulu."

Na ga wasu sun fara tausasa fuska, sai jinina ya hau. "Ka kasa bar wa ungulu ƙwayar wake," na ce, "amma jiya ka tsaya a ƙofar nan ka bar musu 'yar mutane sukutum. Tausayin naka iyakarsa fulas?"

Afra'u ta kashe hasken. Ba ta dube shi ba har aka fita da shi.

* * *

Kada ka zaci an ba ta haƙuri. Waɗanda suka yi jifa sun watse suna cewa dama su tun farko ba su yarda da zancen ba. Gilashin sola Malam Ari ne ya gyara abinsa. Sarkin Fawa kuwa bai janye maganarsa ba, sai ma ya ƙara da cewa kwalabenta sun jawo wa sana'a abin kunya. Ba ɓarawon ba, kwalaben.

Ranar kasuwa ta zagayo, na je mayanka don in gani da idona. Tana tsaye a inda ta saba da fulas uku. Aka yanka akuya ta farko, ta biyu, ta uku. Mahauta suka juya mata baya, suna jefa wa karnuka abin da take jira, har da ɗaga hannu don ta gani. Na riƙe sandata har yatsuna suka yi ciwo. Ta fara tattara kayanta.

Sai ga Goggo Hanne ta sauko daga motar Toranke da 'yar kujerarta ta tsuguno. Ba ta gaishe da kowa ba. Ta karɓi fulas ɗin daga hannun yarinyar, ta karɓi ƙullin koren zare, ta wuce har tsakiyar mayanka inda jini ke gudu, ta dasa kujera a gaban Sarkin Fawa ta zauna. Ta buɗe murfin fulas ta ajiye a gaban ƙafarsa.

"Goggo, nan ba wurin zama ba ne," in ji shi.

"Ɗanku ya cinye mini saniya da abin da ke cikinta. Ba ni da abin kiwo yanzu, ba ni da wurin zuwa. Duk kasuwa a nan za ka same ni." Ta miƙa masa zaren. "Ƙulla."

Ya dubi mahautansa, suka dubi wuƙaƙensu. Kasuwa ta fara taruwa. Ya goge hannu a riga, ya karɓa.

Tsohuwar ta waiwayo ga Afra'u, fuskarta a murtuke kamar yadda ta zo.

"Ke kuma kada ki tsaya kallona, ruwan zai huce. Na Fure kada ki zubar da shi. Idan kin gama da wannan, ki kunna mini hasken in ƙara ganinsa."